J.A. Braimah: Basaraken Salaga da ya fara zama minista daga arewacin Ghana, ya kuma tona asirin kansa

A siyasar arewacin Ghana akwai sunayen da har yau ake ambata a gidajen rediyo da wuraren gangami, akwai kuma waɗanda sai tsofaffi da masu bin littattafai ke tunawa da su. Joseph Adam Braimah, wanda aka fi sani da J.A. Braimah, yana cikin kashi na biyu, duk da cewa shi ne ɗan arewa na farko da ya zauna a majalisar ministocin ƙasar, tun ana kiranta Gwal Kwas. An haife shi a 1916, ya rasu a 1987 yana Yagbonwura, wato sarkin sarakunan Gwanja. Tsakanin waɗannan shekaru ya yi akawun En'e, ya yi ɗan majalisa, ya yi minista, ya ajiye ministan da kansa bayan ya je gaban Gwamna ya faɗi cewa ya karɓi kuɗin ɗan kwangila. Daga nan ya shiga adawa, ya rubuta littattafan tarihi, sannan ya riƙe yankin Arewa a daidai lokacin da gwamnati ta kori baƙi daga Ghana.

Ga Bahaushen Lome ko Kwatano ko Wagadugu ko Yamai, labarinsa ba na nesa ba ne. Garinsu shi ne inda kakannin mutanen zango da yawa suka fara sauke kaya kafin su watsu cikin ƙasashen kurmi, kuma shawarwarin da aka yanke a zamaninsa sun taɓa gidajen Hausawa kai tsaye.

Garin da goro ya gina

Braimah ɗan gidan sarautar Kpembe ne, garin sarakuna da ke dab da Salaga. Rabon aiki tsakanin garuruwan biyu tsoho ne: sarauta tana Kpembe, kasuwa tana Salaga. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su yi watanni a hanya, su sauka a Salaga su sayi goron da ake kawowa daga ƙasar Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Daga nan sunan Gwanja ya shiga bakin Bahaushe ya zauna. Kasuwar ba goro kaɗai take sayarwa ba. Tana cikin manyan kasuwannin bayi na yankin, kuma rijiyoyin da suka rage a garin har yau suna tuna wa mai ziyara wannan.

Abu biyu suka karya Salaga. Na farko, a 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, Gwanjawa suka yi amfani da damar suka kakkaɓe ikon Asante, sai Tonawa suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Na biyu shi ne yaƙin basasar 1892. Sarautar Kpembe tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku, Lepo da Singbung da Kanyase. Gidan Kanyase ya ga an daɗe ana tsallake shi, sai Kabachewura Isifa ya nemi taimakon Dagwamba da Nanumba, ya kawo yaƙi, ya kori Kpembewura Napo, ya hau sarauta da sunan Isanwurfo. Garin ya watse. Fatake da malamai suka nufi Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, wasu har bakin teku. Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa yana limanci a Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934.

Braimah daga gidan Kanyase ya fito, wato ɓangaren da ya ci yaƙin, kuma sarautar da ya fara yin suna da ita ita ce ta Kabachewura, wadda Isifa ya riƙe. Ya tashi a garin da darajarsa ta riga ta wuce, kuma danginsa na da hannu a yadda ta wuce. Wannan ya bi shi har cikin rubuce-rubucensa.

A lokacin ƙuruciyarsa arewa ba ta cikin mulkin mallakar Gwal Kwas kai tsaye. Ƙasa ce ta kariya, bisa yarjejeniyoyin da Ingila ta ƙulla da sarakuna a shekarun 1890, kuma Turawa sun ɗauke ta wurin ɗebo lebura zuwa ma'adinan zinariya da gonakin koko na kudu, da kuma ƴan sanda da sojoji. Makarantar gwamnati ta farko a Tamale sai a 1909 aka buɗe ta, kuma da gangan aka riƙa taƙaita karatun boko. Ƴan kaɗan da suka samu shiga, yawancinsu ƴaƴan sarakuna ne da ake shiryawa don aikin En'e. Braimah yana cikinsu. Ya yi aikin akawu a En'en Gwanja, inda ya koyi yadda ake rubuta wa Baturen gunduma takarda da yadda ake zama gaban sarki, kuma mutumin da ya iya waɗannan biyun a wancan zamani ba ya rasa wurin zama.

Daga En'e zuwa majalisar ministoci

A 1946 aka kafa majalisar yankin Arewa, taron sarakuna da wakilansu mai ba da shawara kawai. A majalisar dokokin Accra kuwa arewa ba ta da zaɓaɓɓen wakili ko ɗaya. Tarzomar Accra ta Fabrairun 1948 ce ta sauya lissafi. Ingila ta kafa kwamitin tsara sabon tsarin mulki a ƙarƙashin alƙali Henley Coussey a 1949, duka membobinsa ƴan ƙasa, kuma Braimah yana cikin ƴan arewan da aka saka, tare da Yakubu Tali, wanda daga baya ya zama Tolon Na.

Tsarin da ya fito daga wannan aiki ya ba arewa kujeru 19 a majalisa mai kujeru 84. Amma talakan arewa bai jefa ƙuri'a a zaɓen Fabrairun 1951 ba. Wani taron wakilai ne ya zaɓi waɗannan 19. A kudu jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah ta cinye 34 daga cikin kujeru 38 da aka yi takara a kansu, Gwamna Charles Arden-Clarke ya fito da Nkrumah daga kurkukun James Fort ya ba shi jagorancin gwamnati. Ministoci baƙaƙen fata takwas aka naɗa, Turawa uku suka riƙe tsaro da kuɗi da shari'a. Cikin takwas ɗin an ware kujera ɗaya ga Asante, aka ba E.O. Asafu-Adjaye, ɗaya kuma ga arewa, aka ba Braimah. Ya fara a matsayin minista maras ma'aikata, daga baya aka ba shi ma'aikatar sadarwa da ayyuka.

Wannan ma'aikata ba ƙarama ba ce. Farashin koko ya tashi bayan yaƙin duniya, baitulmali na da kuɗi, gwamnatin Nkrumah tana gaggawar gina hanyoyi da makarantu da asibitoci don mutane su ga bambanci. Duk wanda ke neman kwangilar hanya ko gini, ƙofar ofishin Braimah yake bi. Shi kuwa yana da shekara talatin da ƴan kai, ba ɗan cikin gidan CPP ba ne, ba shi da jam'iyyar da za ta tsaya masa, kuma ya zo daga inda babu wanda ke zuwa wurin babba hannu rabbana.

Fam 2,000

A watan Nuwamban 1953 Braimah ya je wurin Gwamna Arden-Clarke ya shaida masa cewa ya karɓi fam 2,000 daga hannun wani ɗan kwangila ɗan asalin Armeniya mai suna Aksor Kassardjian, ya kuma ajiye muƙaminsa. Bai tsaya kan kansa ba. Ya kawo maganganun da ke yawo a kan wasu manyan gwamnati, har da Firayim Minista Nkrumah, game da kuɗin kwangila da kuma kuɗin wata mota ƙirar Cadillac.

Gwamnati ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin alƙali Arku Korsah, wanda daga baya ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin babban jojin Ghana. An yi zaman a bainar jama'a, jaridu suka yi ta ɗauka, har na Ingila da Amurka, domin a lokacin idon duniya na kan Gwal Kwas: ita ce ƙasar baƙar fata ta farko a ƙarƙashin Ingila da ake shirin miƙa wa mulki, kuma masu adawa da hakan a Landan da Afirka ta Kudu suna jiran abin da za su nuna da yatsa. Nkrumah da kansa ya bayyana ya ba da shaida. Rahoton da ya fito a 1954 ya wanke shi. Ya soki halayen Krobo Edusei, sannan wasu ƙananan ministoci biyu, Ohene Djan da Atta Mensah, suka ƙare a gidan yari kan cin hanci. Ohene Djan ɗin nan shi ne wanda bayan fitowarsa ya shugabanci harkar wasanni, a zamaninsa Black Stars suka ci kofin Afirka a 1963 da 1965. Mutane da yawa sun san shi ta ƙwallo ba su san ta inda ya biyo ba.

Abin da ya sa wannan shari'a ta fi ƙarfin labarin minista guda shi ne tambayar da ta taso da ita, wadda duk wanda ya tashi kusa da fada ya sani. A Kpembe, kamar a Katsina ko Damagaram, wanda ya zo gaban sarki da goro ko rago ko riga bai yi laifi ba, gaisuwa ya kawo, kuma sarkin da ya mayar da ita ya ci mutuncin mai kawowa. Abin da ya shigo ta wannan ƙofa kan fita ta waccan, zuwa ga baƙi da makaɗa da mabuƙata. Amma minista ba sarki ba ne. Kuɗin da ke hannunsa na baitulmali ne, kuma wanda ya kawo masa gaisuwa yana da takardar neman kwangila a kan teburinsa. Fam 2,000 a 1953 ba goro ba ne, dukiya ce da ƙaramin ma'aikaci zai yi shekaru masu yawa bai tara ba. Al'ada ba ta isa ta wanke karɓar ba, kuma zuwan Braimah wurin Gwamna ya nuna shi ma ya san haka. Sai dai a jerin ministocin Afirka ta Yamma da aka taɓa zargi da irin wannan, waɗanda suka kai kansu tun kafin a gurfanar da su ba su da yawa.

A arewa abin bai kashe shi ba. A zaɓen Yunin 1954, na farko da kowane baligi ya jefa ƙuri'a kai tsaye a faɗin ƙasar, mutanen mazaɓar Gwanja ta Gabas suka mayar da shi majalisa. Amma tsakaninsa da gwamnatin Nkrumah an riga an ɓata, kuma kujerarsa ta koma ɓangaren adawa.

Jam'iyyar mutanen arewa

A watan Afrilun 1954 aka kafa jam'iyyar NPP, ta mutanen arewa, a Tamale. Kada a haɗa ta da NPP ta yau, ko da yake ta yau tana ƙirga waccan cikin kakanninta. Shugabanta Simon Diedong Dombo ne, sarkin Duori. Cikin jigoginta akwai Mumuni Bawumia na ƙasar Mamprusi, da Yakubu Tali na Dagwamba, da Jato Kaleo, da Imoru Salifu na Bawku, da Braimah na Gwanja. Kusan dukansu ko sarakuna ne, ko ƴaƴan sarakuna, ko malaman makaranta da akawunan En'e.

Damuwarsu ɗaya ce: idan Bature ya tafi yau, wa zai riƙe ofisoshin arewa? Yankin ba shi da lauyoyi da likitoci, makarantar sakandare ta gwamnati ta farko a Tamale sai a farkon shekarun 1950 ta fara aiki. Suna tsoron a fita daga hannun Bature a faɗa hannun ɗan kudu. Don haka suka nemi a zuba kuɗi na musamman a arewa kafin ƴancin kai, a kiyaye martabar sarakuna, kuma suka riƙa tuna wa Ingila cewa yarjejeniyar kariya ta ƙulla da kakanninsu, ba cin su ta yi da yaƙi ba, saboda haka ba ta da ikon miƙa su ga wani ba tare da yardarsu ba.

Mai karatu a Najeriya zai ga kamar ya taɓa jin wannan magana, kuma ya ji ta. Shekara guda kafin haka, a 1953, wakilan arewacin Najeriya ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello suka ƙi amincewa da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, bisa irin wannan dalili. A Togo ta Faransa ma sarakunan arewa sun kafa tasu ƙungiyar. Bambancin shi ne arewacin Najeriya na da yawan jama'ar da zai tilasta a saurare shi, har ya samu tsarin tarayya da gwamnatin kansa a Kaduna. Arewacin Gwal Kwas kujeru 26 kawai gare shi cikin 104, kuma ko su ba duka NPP ta samu ba, don CPP na da nata ƴan arewan, irin su J.H. Allassani da Imoru Egala da E.A. Mahama na Gwanja ta Yamma. Duk da haka NPP ce ta fito jam'iyyar adawa mafi girma a 1954, Nkrumah kuwa ya ƙi ɗaukarta a matsayin adawa ta ƙasa, yana ganin ta yanki ɗaya ce.

A nan ne raunin siyasar su Braimah yake, kuma ba a cika faɗinsa ba. Arewar da suke magana da sunanta arewar manyan masarautu ce: Gwanja, Dagbon, Mamprugu, Wa. Amma a ƙarƙashin waɗannan masarautu akwai ƙabilun da mulkin En'e ya ɗora wa sarakunan da ba nasu ba, irin su Konkomba da Nawuri da Nchumuru da Kusasi. Ga manomin Kusasi a Tempane ko Garu, kiran a kare martabar sarakuna na nufin a bar shi ƙarƙashin sarkin Bawku da Nayiri na Mamprusi ke naɗawa. CPP ta gane wannan ta shiga ta nan. Da sarautar Bawku ta faɗi a 1957, Kusasawa suka naɗa nasu, Abugrago Azoka, gwamnatin Nkrumah ta amince da shi. Sojojin da suka kifar da Nkrumah suka mayar wa Mamprusi a 1966, gwamnatin Rawlings ta sake mayar wa Kusasi a 1983. Rikicin da ya hana kasuwar Bawku sakat har yau, ya kuma sha cin dukiyar ƴan kasuwar zango da ba su da hannu a ciki, tushensa na siyasa yana cikin waɗannan shekaru.

Wani abin da ya haɗa kan ƴan arewa na ɓangarorin biyu shi ne maganar Togo ta Ingila. Iyakar da Ingila da Jamus suka shata a ƙarshen ƙarni na 19 ta raba masarautu gida biyu: Yendi, fadar Ya Na, ta faɗa hannun Jamus, Tamale da Salaga suka zauna hannun Ingila. Bayan yaƙin duniya na farko yammacin Togo ya koma riƙon Ingila, har da Yendi da Kpandai da garuruwan Kusasi na gabas irin su Pusiga da Tempane. A ƙuri'ar raba gardama ta 9 ga Mayun 1956, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ido a kai, kusan kashi 58 cikin ɗari suka zaɓi haɗewa da Gwal Kwas, kuma ƙuri'un arewa ne suka rinjayar da sakamakon, don yawancin Ewe na kudu sun ƙi. Sarakunan arewa ba sa son a sake raba musu ƙasa.

A zaɓen Yulin 1956 NPP ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Asante a kan neman tsarin tarayya. NPP ta samu kujeru 15, NLM 12, CPP ta wuce 70. Braimah ya riƙe kujerarsa. Duk da cewa ƴan arewa sun fi yawa a adawa, Dombo ya bar wa K.A. Busia jagorancinta. Abin da suka samu a tsarin mulkin ƴancin kai na 1957 shi ne alƙawarin majalisun yankuna, kuma bai daɗe ba: an yi zaɓensu a 1958, adawa ta ƙaurace, CPP ta cika su da mutanenta, a 1959 aka soke su. Kafin nan an yi dokar da ta haramta jam'iyyun yanki da na ƙabila da na addini, wadda ta rufe NPP da kuma jam'iyyar Musulmi ta MAP mai ƙarfi a zangunan Kumasi da Accra. Ragowarsu suka narke cikin jam'iyyar United Party. A 1957 ɗin ne kuma gwamnati ta tasa ƙeyar manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Najeriya, duk da sun je kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne. Majalisa ta yi doka ta musamman don a fitar da su kafin shari'ar ta ƙare.

Daga nan adawa ta yi ta zaizayewa. Dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta zo a 1958. Ƴan majalisar arewa da dama, ciki har da Mumuni Bawumia, suka koma CPP, wasu don tsoro, wasu don sun ga mazaɓar ɗan adawa ba ta samun rijiya balle hanya. Dombo ya ƙi, ya sha tsarewa. A 1960 aka yanke yankin Upper daga Arewa da hedikwata a Bolgatanga, a 1964 ƙasar ta koma jam'iyya ɗaya, a Fabrairun 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah.

Mai rubuta tarihin gidansu

Abin da Braimah ya bari mai ɗorewa daga waɗannan shekaru rubutu ne. A 1967 littattafansa biyu suka fito a kamfanin Longmans: The Two Isanwurfos, da kuma Salaga: The Struggle for Power, wanda ya yi tare da Jack Goody, masanin halayyar al'umma na jami'ar Cambridge da ya daɗe yana bincike a arewacin Ghana. A 1970 ya fitar da The Ashanti and the Gonja at War. Littafin Salaga shi ne mafi amfani ga mai neman tarihin Hausawan Ghana, domin ya haɗa labarin yaƙin 1892 kamar yadda aka riƙe shi a gidan sarauta da abin da malaman zango da matafiya Turawa suka rubuta. Mai karatu ya riƙa tunawa cewa ɗan gidan Kanyase ne ke ba da labarin yaƙin da gidan Kanyase ya ci. Amma a zamanin da kusan duk abin da aka buga kan arewa Bature ne ya rubuta, samun ɗan fada da ya zauna da makaɗa da tsofaffi ya rubuta nasu ba ƙaramin abu ba ne.

Tamale, 1969

Da aka koma mulkin farar hula, jam'iyyar Progress Party ta Busia ta ci zaɓen Agustan 1969, tsofaffin ƴan NPP suka dawo gaba. Dombo da Jato Kaleo suka zama ministoci, Imoru Salifu ya riƙe yankin Upper, Braimah kuma aka ba shi shugabancin yankin Arewa a Tamale. Ya karɓi yankin jini bai bushe ba. A ranar 9 ga Satumban 1969 jami'an tsaro sun buɗe wuta a fadar Yendi kan magoya bayan gidan Andani, a rikicin sarautar Ya Na tsakaninsu da gidan Abudu, mutum fiye da 20 suka mutu. Aka naɗa Mahamadu Abdulai na gidan Abudu, kuma tun daga lokacin gidan Andani ke kallon jam'iyyar Busia da magadanta a matsayin ƴan ɓangare. Gwamnatin Acheampong ta tuɓe shi a 1974 ta naɗa Yakubu Andani na biyu, wanda aka kashe a fadarsa a 2002.

Wata biyu bayan harbin Yendi, a ranar 18 ga Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. A takarda magana ce ta doka. A zango kuwa bala'i ne, domin mutanen da kakanninsu suka zo da ayari tun kafin a shata iyaka ba su taɓa sanin suna buƙatar takarda ba, kuma haihuwa a ƙasar ba ta isa ta tabbatar wa mutum zama ɗan ƙasa ba idan iyayensa daga waje suke. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita cikin ƴan watanni, akasarinsu ƴan Najeriya, Yarbawa da Hausawa, tare da Zabarmawa da sauran ƴan Nijar, da Mosawa da ƴan Togo. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, manyan motoci suka yi ta kwasar iyalai zuwa garuruwan da yaransu ba su taɓa gani ba. A shekara mai bi aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in kasuwanci ga ƴan ƙasa.

Ba Braimah ne ya tsara wannan umarni ba, daga Accra ya fito. Amma shi ne wakilin gwamnatin a yankin da ya haɗa Tamale da Yendi da Salaga, kuma da wuya a samu wani a cikin gwamnatin da ya fi shi sanin cewa baƙin da ake kora su ne zuriyar waɗanda suka mayar da Salaga birni. Shekara biyu kacal kafin nan ya buga littafi a kai. Ya ci gaba da riƙe muƙamin har 13 ga Janairun 1972, ranar da Kanar Ignatius Acheampong ya kifar da Busia. A 1983 Najeriya ta yi wa ƴan Ghana irin wannan kora, a adadin da ya ninka na 1969.

Bayan juyin mulkin Braimah ya koma inda ya fito. Ya bi matakan sarautar gidansu har ya zama Kpembewura. Tun taron Yapei na 1930 aka rubuta ƙa'idar cewa sarautar Yagbon tana zagayawa tsakanin manyan sassan Gwanja, kuma a yau biyar ne ke karɓa: Kpembe, Bole, Tuluwe, Kusawgu da Wasipe. A farkon shekarun 1980 layi ya zo kan Kpembe, Braimah ya hau fatar sarauta a Damongo da sunan Yagbonwura Timu. Mulkinsa gajere ne, kuma ya zo a lokacin da maganar ƙasa ta yi zafi, tun da tsarin mulkin 1979 ya mayar da filayen arewa daga hannun gwamnati zuwa hannun sarakuna, ƙabilun da ba su da babban sarki suka ga an mayar da su ƴan haya a gonakin kakanninsu. Ya rasu a 1987. Shekara huɗu bayan haka faɗa ya ɓarke tsakanin Gwanja da Nawuri a Kpandai, a 1994 kuma babban yaƙin da ya haɗa Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja ya ci ƙauyuka masu yawa a gabashin yankin, har kewayen Salaga.

Ƴaƴan abokan zamansa a majalisar shekarun 1950 su ne suka kai inda su ba su kai ba. John Dramani Mahama, ɗan E.A. Mahama na Gwanja ta Yamma, ya zama shugaban ƙasa a 2012, ya kuma dawo a 2025 bayan ya kayar da Mahamudu Bawumia, ɗan Mumuni Bawumia. A 2019 ƙasar Gwanja ta samu yankinta na kanta, Savannah, da hedikwata a Damongo, Salaga kuma tana cikinsa. Littafin Braimah na ƙarshe, History and Traditions of the Gonja, wanda ke ɗauke da sunansa tare da H.H. Tomlinson da Osafroadu Amankwatia, jami'ar Calgary ta Kanada ce ta buga shi a 1997, shekara goma bayan rasuwarsa.